Wayar talabijin da ta dish: wacce ta cancanci kuɗinka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Badariya, Birnin Kebbi. Na sayi talabijin mai inci 55, wadda aka ce 4K ce. Ina da dikodar da nake biyan kuɗin wata, da risibar tashoshin kyauta, da doguwar sifikar nan ta ƙarƙashin talabijin, yara kuma suna da PS4. Mai shago ya nuna mini wayar HDMI mai kan zinare, an rubuta mata 8K, kuɗinta ya ninka na sauran sau biyar, ya ce sai da ita hoton zai fito sosai. Gaskiya ne? Sannan tun daminar bara hoton dish yake yankewa ko da ba a ruwa. Ina kuma son kai hoto ɗakin uwargida. Wutar NEPA da sola muke amfani da su. Wace waya zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a sabon kaya. Mai kan zinaren nan ka bar masa abarsa. Kuɗin da za ka zuba a kanta, ka karkatar da su ga wayoyi biyu da ba ka ma tambayi farashinsu ba: wadda ke saukowa daga dish, da wadda ke kawo wuta. A aikinmu na ɗaura dish da haɗa kayan kallo, abin da muka fi cin karo da shi ke nan. Maigida zai tsaya da kansa ya zaɓi wayar da ido ke gani a falo, amma wadda za ta kwana a kan kwano, ta sha rana ta sha ruwa, sai ya miƙa wa yaron da ya zo aiki kuɗi ya ce je ka sayo. Yaro kuwa ya sayo mafi araha, canji ya zama nasa.

Mu fara da HDMI tunda ita aka so sayar maka. Abin da ke bi ta cikinta lambobi ne, talabijin ce ke mayar da su hoto. Kamar tura kuɗi ta banki ne: ko su shiga cif, ko su maƙale, amma dubu goma ba ta komawa dubu goma sha ɗaya don an tura ta da babbar wayar hannu. Matuƙar wayar ta isar da saƙon, to hoton mai araha da na mai tsada ɗaya ne, launi ɗaya, haske ɗaya. Idan kuwa ta gaza, ba dishi-dishi za ka gani ba. Za ka ga fararen ɗige-ɗige suna ƙyalli a allo, ko allon ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, ko sauti ya riƙa ɗaukewa, ko a rubuta maka No Signal. Ruwan zinaren da ke kan kuwa shafe ne mai ɗan kauri kaɗan, aikinsa hana tsatsa, ba ya ƙara wa hoto komai. Har masu arahar ma da yawa kansu ruwan ɗorawa ne.

Abin da ya bambanta wayoyin da gaske shi ne yawan saƙon da kowace ke iya ɗauka a sakan ɗaya. HDMI ta fito a ƙarshen 2002, aka riƙa sabunta ta: 1.4 a 2009, sai 2.0 a 2013, sai 2.1 a 2017. Waɗannan lambobi na na'urori ne, ita wayar da suna ake rarrabe ta, kuma sunan ne za ka duba a jikin kwali ko a jikin robar. Wadda aka rubuta wa High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a sakan, ta wadatar da duk hoton 1080, wato mai layi 1080. Premium High Speed tana ɗaukar 18, ita ce ta 4K mai hoto 60 a sakan. Ultra High Speed tana ɗaukar 48, ita ce ta 8K da kuma 4K mai hoto 120 a sakan.

To duba kayanka. Dikodar biyan kuɗi irin wadda ta fi yawa a gidajenmu ba ta wuce 1080. Tashoshin kyauta da yawa ko nan ba su kai ba, layi 576 suke watsawa. PS4 ta yau da kullum ita ma 1080 ce. Ke nan babu na'ura ko ɗaya a falonka da ke buƙatar fiye da High Speed, kuma mai yiwuwa wadda ta zo cikin kwalin dikodar ko na PS4 ɗin tana nan a durowa. Idan YouTube ko Netflix za ka kalla a 4K, manhajarsu a cikin talabijin take, ta intanet hoton ke shigowa, ba ruwansa da HDMI. In ka ga Premium ba ta fi ta ƙasa da ita tsada sosai ba, ɗauke ta, za ta yi maka amfani gaba. Ultra sai ranar da yara suka matsa aka sayo PS5, ita ma da wayarta take zuwa.

Rubutun jikin kwali kuma ba abin dogaro ba ne, kowa na iya buga 8K da manyan baƙaƙe. Na ainihin Premium da Ultra suna da tambari mai ƙyalli da lambar QR da ake dubawa da wayar hannu. In babu, sa mai shago ya jona maka ita a gabanka ta yi mintuna tana aiki, ka ɗan girgiza kan ka ga ko hoton zai ɗauke. Kan da ke lilo a cikin rami shi ne ke fara ba da wahala.

Tsawo shi ne inda HDMI ke da rauni. Mita ɗaya da rabi zuwa uku babu damuwa, har biyar ma. Daga mita goma zuwa sama sai ka ga wadda ta yi aiki da wannan dikoda ta ƙi yi da waccan. Saboda haka auna tazarar, ka ƙara ɗan rara, kada ka sayi mita goma ka naɗe ta a bayan talabijin. Idan a bango za a rataye ta, nemi ɗan kan nan mai lanƙwasa, don kada wayar ta tokare da bango ta riƙa danne ramin. Ramin HDMI a jikin allon cikin talabijin aka like shi, in ya ɓalle aikin mai gyara ne, kuma ba kowane mai gyara ba.

Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, wadda ake ce wa AV, in dai na'urar tana da ramin HDMI to ka ajiye ta. Rawayar ce kaɗai ke ɗaukar hoto, farin da jan sauti ne na hagu da dama, kuma iyakarta layi 576. A ƙaramar talabijin ta da ba a lura, amma a inci 55 fuskar mai karanta labarai sai ta zama kamar an shafa mata ruwa. Na sha shiga gidan da aka sayi babbar talabijin ana kukan an cuce su, a duba baya a tarar da mai kai uku aka jona. Sai dai in risibar kyautar taka tsohuwa ce da ba ta da wani rami sai wannan. Wasu sababbin talabijin ɗin ma sun daina zuwa da ramuka ukun, sai ƙaramin rami ɗaya irin na abin sauraro da 'yar gajeruwar waya a cikin kwali. Ka adana wannan 'yar wayar, don jerin haɗin cikinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ta kasuwa ba lalle ta yi ba.

Sifikarka kuwa, leƙa bayan talabijin za ka ga rami ɗaya cikin na HDMI an rubuta masa ARC ko eARC. Shi ne kaɗai ke mayar da sauti waje. Ka jona shi da ramin sifikar mai irin wannan rubutu, dikoda da PS4 su shiga sauran ramukan, duk abin da ake kallo sautinsa zai fita ta sifikar, rimot ɗaya kuma ya riƙa ƙara murya da ragewa. Sai an kunna abin a cikin saitin talabijin: Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. In sifikar ba ta da ARC, akwai siririyar wayar haske mai kai kusan murabba'i, wadda in ka jona gefe ɗaya za ka ga jan haske a ɗaya gefen. Ita ma ta isa. Cire 'yar hular robar da ke bakinta kafin ka tura, kuma kada a naɗe ta da ƙarfi, zaren cikinta yana karyewa. Masu sifika biyar ko shida da ake zagaya falo da su, su nemi wayar jan ƙarfe mai milimita 1.5 (murabba'in milimita, awon da ake yi wa kaurin wayar wuta), su kula ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a kowane gefe. In aka juya guda ɗaya, sautin ba ya ɗaukewa, amma kaurinsa ke zubewa.

Yanzu ga inda ciwon yake, wato wayar dish.

Yanke ɗan guntu ka fere shi ka gani. A tsakiya akwai silin ƙarfe guda. Farar roba mai kamar soso ta kewaye shi. A kanta akwai takardar alminiyam mai sheƙi, sannan saƙar siraran zaruruwan ƙarfe, sannan rigar waje. Silin tsakiya ke ɗaukar siginal, takardar da saƙar su ne garkuwar da ke hana shi zuba da hana hayaniyar waje shigowa. Wadda ta dace da dish ita ce RG6, mai om 75, silinta ya kai kusan milimita 1. Akwai ƙanwarta RG59, siririya, wadda aka fi yi wa kyamarar tsaro amfani da ita. Kallo ɗaya ba za ka bambance su ba sai ka karanta jiki, kuma ana sayar wa mutane ita a matsayin wayar dish. Siginal ɗin da ke saukowa daga LNB, wato kan nan da ke gaban farantin, yana tsakanin megahaz 950 zuwa 2150, kuma duk yadda lambar ta yi sama haka waya ke cinye shi a hanya. RG6 mai kyau ma tana cinye wajen rabinsa a kowace mita goma zuwa goma sha biyar. An yi LNB da ƙarfin da zai jure wannan a gida mai tazarar mita ashirin ko talatin, amma in aka sa siririya ko jabu, rarar da za ta riƙe ka ranar hadari ta tafi tun a hanya. In tazarar ta haura mita hamsin, kamar gidan gona ko makaranta, RG11 ake nema, mai kauri.

Akwai aiki na biyu da wayar ke yi wanda mutane ba su sani ba. LNB ba shi da wata wuta tasa, dikoda ce ke tura masa ta wannan silin. Kuma da ƙarfin wutar take gaya masa rukunin tashoshin da take so: bolt 13 ga waɗanda aka yi wa alamar V, bolt 18 ga masu alamar H. Masu haɗa Nilesat da Arabsat a risiba ɗaya don tashoshin Makka da Madina da sauransu, umarnin da ke sauya faranti a 'yar akwatin DiSEqC shi ma ta nan yake bi. To yawancin wayar da ke kasuwa silinta baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ga siginal wannan ba laifi ba ne, don shi a fatar silin yake tafiya. Amma wuta ta cikin ƙarfen take bi, baƙin ƙarfe kuwa yana tauye ta. In waya ta yi tsawo, ko kai ya yi tsatsa, bolt 18 sai ta isa sama ta koma 15 ko ƙasa, LNB ya ɗauka 13 aka ce. Sakamakon shi ne wasu tashoshi su fito tas, wasu su ɓace gaba ɗaya. Sai a hau sama a yi ta juya faranti, ko a ɗauki dikoda a kai gyara. An bar jaki ana dukan taiki.

Gwajin mai sauƙi ne. Tafi shago da mayen ƙarfe, ko na jikin tsohuwar sifika ne. In ya kama silin, baƙin ƙarfe ne a ciki. In bai kama ba, kankare shi da reza: ja har ciki jan ƙarfe ne zalla, in ya yi fari alminiyam ne, wannan ita ce mafi muni don tana karyewa tana kuma yin gari. Ga tazarar da ba ta wuce mita ashirin ba, mai baƙin ƙarfe a ciki za ta yi, muddin sauran jikinta na kirki ne. In ta fi haka, ko akwai DiSEqC, ni zalla nake sa wa mutane. Sannan buɗe saƙar ka duba. Ta kirki a cike take, da ƙyar za ka hango takardar da ke ƙasa. Ta banza zaruruwa ne 'yan ƙalilan da za ka iya ƙirgawa a tsaye. Matsa farar robar da farce, in ta lotse ba ta dawo ba, ajiye musu. Wannan maganar garkuwa ta fi shafar masu eriyar GOtv da StarTimes, don mitocin da suke kamawa suna maƙwabtaka da na wayar hannu, waya mai raunin saƙa kuwa tana kwaso hayaniyar.

Game da yankewar hotonka, a raba abu biyu. Ɗaukewar hoto lokacin da ake tsuga ruwa ko baƙin hadari ya taso daga gabas ba laifin waya ba ne. Ruwan da ke sama ne ke tare siginal, da ya wuce hoto zai dawo, kuma faranti mai faɗin santimita 90 ya fi mai 60 jurewa. Amma naka da ya fara da damina ya ƙi tafiya har rani, alamar ruwa ya shiga cikin wayar ne. Ta kan da ke jikin LNB yake shiga, ko ta inda rigar ta tsage, sai saƙar ta riƙa tsotsarsa yana gangarowa. Kashe dikodar daga soket, a hau a kwance kan. In ka ga silin ya yi baƙi ko ja na tsatsa, ko saƙar ta zama farin gari tana marmashewa a yatsa, ka samu mai laifi. A yanke a yi ta ja baya har a kai inda ƙarfen ke sheƙi. In an yanke mita guda ba a kai ba, a sauya wayar dukanta, faci ɓata lokaci ne. Wani lokaci ma har bayan dikoda za ka tarar da danshi.

Ranar da za a sa sabuwar, ka tsaya a kan masu aikin. Rigar baƙa ta fi fara jure rana, kuma ka san zafin Kebbi a watan Afrilu, inuwa ma tana haura digiri 40, balle kwanon rufi da tsakar rana. Wayar da aka shimfiɗa a kan kwano rigarta bushewa take ta tsattsage, don haka a bi da ita ta ƙarƙashin indararo ko gefen bango mai inuwa, in da hali a zura ta cikin bututun roba, wanda zai kuma raba ta da ɓera a cikin silin ɗaki. Wajen haɗa kai, silin tsakiya ya leƙo milimita biyu ko uku kawai daga bakin, kuma kada zare ko ɗaya na saƙar ya taɓa shi. Zare ɗaya tak ya isa ya kashe siginal ɗin baki ɗaya, wata dikodar har ta rubuta maka cewa LNB ya haɗe. Kan da ake matsewa da na'ura ya fi na murɗawa da hannu riƙo da hana ruwa. A rufe na waje da hular roba ko tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, don baƙin salatif na masu wayarin, rana na sa shi ya saki. Kafin wayar ta shiga ramin bango, a bar ta ta ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ta hau, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a waje. Kada a lanƙwasa ta kamar gwiwar hannu a kusurwa, kada kuma a buga ƙusa ta matse ta har ta baje. In dole sai an yi ƙari, akwai ɗan ƙarfe mai zare gefe biyu da ake ɗaura kai biyu a jikinsa. Murɗe sili da sili a naɗe da leda, wanda shi aka fi yi, shi ne ke kawo mu gidajen mutane.

Ɗakin uwargida kuma ya danganta da abin da take so. In tashar da ake kallo a falo ita za ta kalla, ana sa 'yar akwatin da ke raba HDMI gida biyu. Amma kada a ja HDMI mita ashirin. Akwai wasu akwatuna biyu, ɗaya a falo ɗaya a ɗaki, da ake haɗawa da wayar intanet Cat6, suna kai hoton 1080 har wajen mita hamsin. Cat6 ɗin ta zama ta jan ƙarfe zalla. Akwai kuma doguwar HDMI mai zaren haske a ciki, ita tana da gaba da baya: kan da aka rubuta wa Source na dikoda ne, Display na talabijin, in aka juya ba abin da zai fito. Sai dai ina jin Hajiya ba za ta so a ce duk daren da ake ƙwallo ita ma ƙwallo za ta kalla ba. In tasharta daban take so, risibarta daban za a saya, a sa LNB mai baki biyu, a ja mata wayarta tun daga faranti. Kada a yarda a tsaga wayar dish ɗaya da abin rabawa, don risiba ɗaya na neman bolt 13 ɗayar na neman 18, dole ɗaya ta rasa tashoshinta. Eriya ce ake iya rabawa haka, ita ma kowane reshe rabin siginal yake samu. A ɓangaren DStv akwai tsarin XtraView na haɗa dikoda fiye da ɗaya a biyan kuɗi ɗaya da ɗan ƙari. In kuma akwai sauran gini ko za a yi silin ɗaki, a binne bututu mai faɗin milimita 32 da igiya a ciki, don kan HDMI ba ya wucewa ta siririn bututun wayarin, kuma a gwada kowace waya kafin a shafe da siminti.

Wata da yara za su roƙe ka ita ce wayar haɗa wayar hannu da talabijin, mai USB-C a gefe ɗaya HDMI a ɗayan. Ba kowace wayar hannu ke fitar da hoto ta ramin cajinta ba, galibin masu sauƙin kuɗi ba sa yi. A gwada a shago kafin a biya.

Saura wuta. Talabijin irin taka ba ta da ci, wat 100 zuwa 150 ne, a wutarmu ta bolt 230 ko amfiya ɗaya ba ta kai ba. Da dikoda da sifika da PS4 duka ba za su ɗumama waya ta kirki ba. Abin da ke ƙona ekstenshan shi ne ranar da aka zo aka jona masa dutsen guga ko hita, masu jan wat 1000 zuwa sama, alhali zaren cikinsa bai fi gashin kai kauri ba. Kwance bayan ekstenshan ɗin ka gani da idonka. Ya zama waya uku ce a ciki, har da ta ƙasa mai kore da rawaya, don da yawa ramin na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Wanda ya fi shi ne mai wayarin ya ja maka soket biyu ko uku a bayan talabijin da waya mai milimita 2.5. A nan ina ba da shawarar wayar da ake yi a Najeriya mai tambarin hukumar SON, masu aikin wuta sun daɗe da shaidar jan ƙarfenta. Fulogin ya zama mai ƙafa uku da fis a ciki, na amfiya 3 ko 5 ya ishi talabijin. Al'adar yanke fulogi a cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana, ko fis ya ƙone a naɗa masa zaren waya, ita ce ke cinye kayan mutane. Ka sa kuma 'yar na'urar nan mai jinkirta wuta, wadda in an dawo da ita take dakatawa kaɗan kafin ta saki, ta kuma yanke in ta yi yawa ko ta yi ƙasa.

In ka taɓa jikin dikoda ko kan wayar dish ka ji yana ɗan cizo, alamar gidan ba shi da haɗin ƙasa na kirki ne. A irin wannan gida, zare HDMI ko tura ta alhali kayan na kunne yana iya ƙona ramin. Kashe daga soket tukuna, sannan ka jona.

A ɓangaren sola, in ta inbata kuke bi, wayar da ke tsakanin batir da inbata ita ce abin lura. Inbata mai ba da wat 1000 daga batir mai bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, don haka wayar ta zama gajeruwa mai kauri, murabba'in milimita 16 zuwa 25, da kawuna da aka matse da kyau. In kuwa ƙaramar talabijin mai bolt 12 za a sa wa Hajiya kai tsaye daga batir, lissafin ya sauya. Mai wat 40 tana jan amfiya uku da ɗoriya. A tazarar mita biyar, siririyar waya mai rabin milimita za ta cinye fiye da bolt ɗaya a hanya, mai milimita 2.5 kuwa kwatan bolt kawai. Shi ya sa za ka ga talabijin na mutuwa da ƙarfe tara na dare a ce batir ya lalace, alhali da sauran caji a cikinsa.

Tsawa kuma ba ta soket kaɗai take shigowa ba. Faranti ƙarfe ne a saman gida, kuma wayarsa ta zo har cikin falo. Ko ba a kansa ta faɗa ba, in ta sauka kusa, ƙarfin na iya biyo wayar ya ƙona dikoda, ya bi ta HDMI ya shiga talabijin. Mai jinkirta wutar da ke soket ba ya ganin wannan hanya. Mai aiki ya haɗa ƙafar farantin da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, da waya mai kauri. Sannan ka koya wa mutanen gida: in hadari ya haɗo ana walƙiya, kafin ruwa ya sauko, a zare fulogi daga bango, a kuma kwance wayar dish daga bayan dikoda da risiba. Kashewa da rimot ba ya raba su da komai. In an riga an fara tsawar, kada kowa ya taɓa wayar, a bari sai ta lafa.